Mutum-mutumin Gasar Ɗalibai: Me Ake Zaɓa, Me Ake Haƙura da Shi?

A watan Yulin 2017 duniya ta sha labarin 'yan mata shida daga birnin Herat na Afghanistan, waɗanda aka hana bizar shiga Amurka har sau biyu kafin daga bisani a ƙyale su halartar gasar FIRST Global a birnin Washington. Tawagar Gambiya ma ta gamu da irin wannan cikas. Maganar biza ce ta cika kafafen yaɗa labarai, ƙalilan ne suka tsaya tambayar abin da na'urar yaran take yi. Aikinta shi ne tattara ƙwallaye a fili, ta ware shuɗaye masu wakiltar ruwa mai tsabta daga masu ruwan lemo da ke wakiltar gurɓatacce.

Har yau akwai ruɗani game da irin wannan gasa. Wasu na ɗauka gunki ne mai kai da ƙafafu ake ƙerawa, wasu na zaton dambe ake haɗa na'urori. Akwai kuma masu ganin cewa na'urar da ta fi tarkace da tsada ita ke yin nasara. Wannan sharhi zai bi shawarwarin da ɗalibai ke yankewa tun daga ranar da aka faɗa musu dokokin wasa har ranar shiga fili, domin a nan ne ainihin ilimin yake.

Ma'anar kalmomi

Abin da kafafen labarai na Hausa ke kira mutum-mutumi, wasu su ce saƙago, shi ne robot. Kalmar ta fito ne daga harshen Cek, inda robota ke nufin aikin tilas, kuma marubuci Karel Čapek ne ya yaɗa ta a wani wasan kwaikwayo na 1920. Sunan Hausar ya taimaka wajen ruɗanin, don yana sa mutum ya hango siffar ɗan Adam. Na gasar ɗalibai ya fi kama da amalanke ko ƙaramin akwati mai tayoyi, an ɗora masa hannu ko abin ɗagawa ko abin harba ƙwallo. Abubuwa uku ke mai da shi mutum-mutumi: injinan lantarki da ke motsa shi, na'urorin da ke ji ko gani, da ƙaramar kwamfuta mai bin umarnin da aka rubuta mata, wato manhaja.

Kalmar tsari a nan tana nufin duk shawarar da aka yanke kan yadda na'ura za ta kasance: girmanta, irin tayoyinta, aikin da za ta yi da wanda za ta bari. Ƙawance kuwa shi ne haɗa tawaga biyu ko uku su zama ɓangare guda a wasa. Jagora shi ne babba, malami ko injiniya, da ke taimaka wa ɗalibai.

Asalin gasar da iyakokinta

Dean Kamen, wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, shi ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989. Gasarta ta farko an yi ta a 1992 a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a garin Manchester na jihar New Hampshire, da tawaga 28. Salon ya samo tushe daga wani darasi da Farfesa Woodie Flowers ya daɗe yana koyarwa a jami'ar MIT, inda ake ba kowane ɗalibi kaya iri ɗaya da aiki ɗaya, a ga yadda kowa zai ɓullo wa lamarin. Daga baya wasu gasanni suka bayyana, irin su VEX da World Robot Olympiad da Robofest, kowacce da dokokinta.

Babbar gasar FIRST ta 'yan sakandare, wadda ake kira FRC, ita za a fi kafa misali da ita a nan, don ita ta fi fito da zaɓuɓɓukan fili. A farkon Janairun kowace shekara ake bayyana sabon wasa. Filin ya kai kimanin mita 8 a faɗi da mita 16 a tsawo. Na'ura uku ke karawa da uku, kuma a yawancin shekaru wasan minti biyu da rabi ne, inda a daƙiƙa 15 na farko na'ura ke aiki ita kaɗai ba mai taɓa ta. An ƙayyade nauyi a tsakanin kilo 52 zuwa 57 gwargwadon shekara, ban da batir da bamba. Batir ɗaya tak aka yarda da shi, mai bolt 12. Shekaru da dama doka ta tilasta a daina aiki bayan mako shida a kulle na'ura cikin jaka, sai daga kakar 2020 aka soke wannan. Duk da haka lokacin bai ƙaru sosai ba, tunda gasannin farko na somawa ne a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris.

A ƙananan gasanni kamar FTC da VEX, dole na'ura ta fara wasa tana iya shiga akwati mai inci 18 ta kowane gefe, kusan santimita 46. VEX ta ƙara da ƙayyade jimillar ƙarfin injina a wat 88, wato daidai da injinanta takwas masu wat 11. Wanda ya ba tayoyi injina shida, biyu kawai suka rage masa na sauran ayyuka.

Waɗannan iyakoki su ne ke haifar da zaɓi. Kowane kilo da aka ba hannu an hana shi tayoyi, kowane mako da aka kashe kan abin hawa an rage shi daga lokacin atisaye. Taura biyu ba ta taunuwa.

Zaɓi na farko: lissafin maki

Tawagogin da suka ƙware ba sa taɓa sifana a kwanakin farko. Littafin dokoki suke karantawa, su jera duk hanyoyin samun maki, su kimanta daƙiƙa nawa kowace hanya za ta ci da kuma wahalar ƙera abin da zai yi ta.

Wasan 2022, mai suna Rapid React, ya isa misali. Ƙwallon da aka jefa a kwandon sama maki biyu ne, na ƙasa maki ɗaya, kuma na'ura ba ta da ikon riƙe fiye da ƙwallo biyu a lokaci guda. A ƙarshen wasa akwai sanduna huɗu da ake iya rataya a kansu: ta ƙasa maki 4, ta biyu 6, ta uku 10, ta ƙoli 15. Wanda ya kalli maki 15 zai ce ai sandar ƙoli ce abin nema. To amma a ƙaddara tawaga tana iya ɗauko ƙwallo biyu ta jefa a sama cikin daƙiƙa 15, kuma hawan ƙoli zai ci mata daƙiƙa 30. Idan ta tsaya a sanda ta biyu cikin daƙiƙa biyar ta kashe sauran 25 wajen jefa ƙwallo, za ta tashi da maki 12 ko 13. Tazarar maki biyu ce ko uku, alhali abin hawan ƙoli zai cinye makonni na ƙira, ga nauyi, ga haɗarin faɗowa daga sama. Ga tawagar da ba ta iya jefa ƙwallo da sauri kuwa lissafin ya juya, hawan ƙolin na iya zama mafi yawan makin da za ta samu a wasan gaba ɗaya. Sannan akwai ladan matsayi da ake ba ƙawancen da ya tara maki 16 a rataye, wanda shi ma ke shiga lissafi. Wasa ɗaya, amma amsar ta dogara da ko wace ce tawagar.

Karthik Kanagasabapathy, wanda ya daɗe yana jagorantar tawaga mai lamba 1114 a Ontario ta Kanada, ya shahara da laccocinsa kan wannan batu. Jigon abin da yake koyarwa shi ne tawaga ta auna ƙarfinta da gaskiya ta tsaya a iyakarsa, kuma ƙwarewa a aiki kaɗan ta fi taɓa kowane aiki sama-sama. Dalilin yana cikin tsarin gasar kanta. Bayan wasannin share fage, tawagogi takwas na sama ne ke zaɓar abokan ƙawance, kuma mai zaɓe yana neman wanda ya tabbata zai yi abu ɗaya a kowane wasa ba fashi. A 2008 tawaga 148 daga Texas ta ƙera 'yar ƙaramar na'ura da kusan ba ta da aikin da ya wuce zagaya fili da gudu, don kowane zagaye na da maki. Ta shiga ƙawance da 1114 da 217, suka ɗauki kofin duniya na shekarar.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa na'urar da ta taƙaita ga aiki ɗaya ta miƙa makomarta ga sa'ar samun abokai nagari, kuma da wuya ta hau saman tebur ta zama mai zaɓe. Sun ƙara da cewa ɗalibin da bai taɓa gwada abin da ya fi ƙarfinsa ba, ba zai san iyakarsa ba. Tawaga 254 ta San Jose, wadda ta gama kakar 2018 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, na'urorinta kan yi kusan duk ayyukan wasa. Sai dai ita tana da ɗakin ƙira, da injiniyoyi, da gogewar shekaru. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sabuwar tawaga ta kwaikwayi burin irin waɗannan ba tare da tana da abin da suke da shi ba.

Ƙafafun na'ura

Babu ɓangaren da ake muhawara a kansa kamar tayoyi, kuma ya cancanci hakan, don na'urar da ba ta motsi ba ta da wani amfani a fili komai kyan hannunta.

Tsari mafi sauƙi shi ne na tankar yaƙi: tayoyin hagu a haɗe, na dama a haɗe. Idan ana son juyawa sai gefe ɗaya ya fi ɗaya gudu, ko ya koma baya. Galibi tayoyi shida ake sawa, a ɗan sauke na tsakiya ƙasa da 'yan milimitoci domin na'ura ta riƙa juyawa a kansu ba tare da tayoyin gaba da baya sun yi ta gurzar kafet ba. Yana da arha, yana da ƙarfin ture abokin karawa, manhajarsa ba ta da wuya, kuma firam ɗin da kamfanin AndyMark ke samarwa cikin kayan farawa irin wannan ne, ana iya haɗa shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Aibinsa shi ne ba ya tafiya a kaikaice. Idan direba ya kuskure saiti da taƙi ɗaya, sai ya ja baya ya sake shigowa.

Tayar Mecanum, wadda injiniya ɗan Suwidin Bengt Ilon ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, tana da ƙananan naɗe-naɗe a karkace a jikinta, waɗanda ke ba na'ura damar zamewa gefe kamar ƙaguwa. Ta samu karɓuwa sosai a FTC, inda filin ƙarami ne kuma saiti ya fi ture muhimmanci. A babbar gasa kuwa ana gudunta, don ba ta kama ƙasa sosai, abokin karawa na iya kawar da ita cikin sauƙi.

Na uku shi ne wanda ya sauya fuskar FRC a 'yan shekarun nan, wato tsarin taya mai waiwaye da ake kira swerve. Kowace taya cikin huɗun tana da inji biyu, ɗaya na juya ta gaba, ɗaya na karkata ta duk inda ake so. Da haka na'ura za ta iya nufar gabas tana fuskantar arewa, ta kewaye mai tare ta ba tare da ta tsaya ba, kuma ba ta rasa kamun ƙasa. A da, sai tawagogin da ke da injinan yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta ne ke iya ƙera shi. Da kamfanoni irin su Swerve Drive Specialties da West Coast Products da REV Robotics suka fara sayar da shi a haɗe, kuma aka samu manhajarsa kyauta, sai ya bazu, har ya zama yawancin tawagogin da ke kaiwa zagayen ƙarshe na duniya da shi suke zuwa.

Wannan ya sa wasu ke cewa duk wanda bai koma kansa ba ya haƙura da kofi. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Injina takwas ne maimakon huɗu, da na'urar auna karkata a kowace taya, kuma saitin huɗu da injinansu na iya haura dala 2,000. Kowane ƙarin waya da giya wuri ne da zai iya lalacewa. Taya ɗaya ta rasa saitinta, na'urar duka ta rikice. Tawagar da ta karɓi kayan a Janairu ta ce za ta koya a lokacin kaka, sau da yawa takan ƙare da na'urar da direbanta bai taɓa tuƙawa ba sai ranar gasa. Shawarar da ta fi dacewa, kuma ita gogaggu ke bayarwa, ita ce a koyi sabon tsarin tayoyi a lokacin hutu tsakanin kaka da kaka. Tsarin tanka a hannun direban da ya yi makonni yana atisaye ya fi taya mai waiwaye a hannun wanda ke ganinta karon farko.

Wuta, giya da nauyi

Duk mai keke ko babur ya san giyar hawa tudu daban take da ta gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Haka abin yake a nan. Injin lantarki na juyawa sau dubbai a minti guda amma da ƙaramin ƙarfi, sai a rage gudun ta hanyar giya a samu ƙarfi. Wanda ya zaɓi gudu da yawa, na'urarsa za ta yi nauyin tashi, ta kuma zuƙi wuta mai yawa duk lokacin da ta ture wani abu. A filin mita 16 da ke cike da na'urori shida, ba kasafai ake samun sararin kaiwa ƙarshen gudu ba, don haka saurin tashi daga tsaye ya fi yawan gudu amfani.

Batun wuta ba ƙarami ba ne. Babban makatsin wuta na FRC amfiya 120 ne, kuma idan injina da yawa suka ja wuta lokaci guda, ƙarfin batir na faɗuwa. Da ya sauka ƙasa da bolt bakwai kaɗan, kwamfutar roboRIO da ake amfani da ita tun 2015 takan yanke wa injina wuta don ta ceci kanta, na'ura ta yi cak a tsakiyar wasa. Shi ya sa ake saka wa kowane inji iyakar wutar da zai ja a cikin manhaja. Tsofaffin injina irin CIM suna da ɗan gawayin nan da masu gyaran janareta ke kira burushi. Sababbi marasa burushi, kamar NEO da aka fara amfani da shi a 2019, da Falcon 500 a 2020, da Kraken X60 a 2024, sun fi sauƙin nauyi, sun fi ƙarfi, kuma suna iya ƙirga juyinsu da kansu. Amma batirin bai canza ba, don haka ƙarin ƙarfin inji ya ƙara matsa masa ne.

Inda aka ajiye nauyi ma zaɓi ne. Batir na da kusan kilo shida, kuma a can ƙasa ake sa shi. Na'urar da ta ɗaga hannu sama da mita ɗaya da rabi tana gudu, in ta taka birki ko aka buge ta, kifewa za ta yi, kuma wadda ta kife ta gama wasa.

Hannu da abin ɗauka

A nan wasan shekara ne ke yin hukunci. A 2023 mazugi da kumburarren akwati ake ɗauka, a 2024 zoben soso, a 2025 guntun bututun roba da manyan ƙwallaye. Abin da gogewa ta nuna shi ne naɗi mai juyawa da ke zuƙe abu da zarar ya taɓa shi ya fi hannu mai kama da hantsaki, domin hantsaki na buƙatar direba ya saita daidai daga nesa, cikin gaggawa, wani lokaci ma wata na'ura ta tare masa gani. Faɗin bakin abin ɗauka yana yafe kuskuren direba.

Sai tambayar ko a ɗauka daga ƙasa ko a karɓa daga hannun ɗan tawaga a gefen fili. Ɗauka daga ƙasa na rage tafiya, amma tana tilasta a fito da wani ɓangare waje da bamba, inda karo ke samun sa. Wajen ɗagawa, akwai mai zamewa sama a miƙe kamar tsani, akwai hannu mai lanƙwasa a gaɓa. Kowace gaɓa da aka ƙara tana neman injinta da na'urar aunonta da lissafinta. Hanyar da ta fi tsare tawaga daga asara ita ce gwaji da katako da kwali da injin huda na hannu kafin a yanka alminiyam ko guda.

Ido da ƙwaƙwalwa

Daƙiƙoƙin farko da na'ura ke cin gashin kanta galibi makinsu ya fi tsoka. A 2022 ƙwallon da ke ba da maki biyu yakan ba da huɗu a wannan lokaci. Tun 2023 ake manna wasu alamomi masu baƙi da fari a jikin fili, AprilTag, waɗanda aka ƙirƙira a Jami'ar Michigan. Kyamara na ganin su, na'ura ta lissafa inda take tsaye. Ana rubuta manhaja da Java ko C++ ko Python ko LabVIEW, bisa tubalin WPILib da kowa ke samu kyauta.

Matsalar masu manhaja a kusan kowace tawaga ɗaya ce: na'ura ba ta isowa hannunsu sai daf da gasa, don maƙera ba su gama ba. Wannan ma sakamakon zaɓin farko ne. Tawagar da ta ɗauko aiki biyar ta cinye lokacin masu manhaja da na direba tun kafin ta sani.

Saye ko ƙerawa, kuma wa ke riƙe da sifana?

Nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, domin tambayar ta taɓa manufar gasar baki ɗaya. Yau ana iya sayen akwatin giya, da tayoyi, da abin ɗagawa, duk a haɗe. Akwai kuma tsare-tsaren da ake rabawa kyauta. Tawaga 118 ta Houston takan fitar da Everybot kowace shekara, na'ura mai sauƙi da za a iya ƙerawa da kayan aikin hannu. Tun 2013 wasu ke ƙera na'ura cikin kwana uku bayan bayyana wasa su nuna wa duniya.

Masu goyon baya na cewa wannan ya ɗaga ƙananan tawagogi. A da, sabuwar tawaga kan zo gasa da na'urar da ko motsi ba ta yi, yara su koma gida da karyayyar zuciya. Yanzu suna shiga fili su ci maki, su sami abin da zai dawo da su baɗi. Sun ƙara da cewa injiniyan gaske ma ba ya ƙera noti da kansa, zaɓar abin da ya dace daga kasuwa ɓangare ne na sana'ar. Masu suka kuwa na ganin na'urori sun fara kama da juna, kuma ɗalibin da ya ɗaura abin da wani ya tsara bai san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan giya aka bar waccan ba. Suna kuma nuna cewa saye ya mai da kuɗi makami. Rajistar FRC kaɗai ta kai kimanin dala 6,000 a shekara, kafin kaya da tafiya, ko da yake doka ta ƙayyade farashin kowane ɓangare guda da za a saya.

Game da jagorori, gasannin sun ɗauki hanya daban-daban. FRC ta yarda manya su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗalibai, bisa hujjar cewa yaro na samun sha'awar sana'a ne idan ya ga ƙwararre na yin ta. VEX kuwa tana da ƙa'idar cewa ɗalibai ne za su tsara, su ƙera, su rubuta manhaja, kuma alƙalai kan yi musu tambayoyi su duba littafin da suke rubuta matakan aikinsu. Kowane ɓangare na da abin tsoro. A ɗaya, na'ura na iya zama ta manya yara na kallo. A ɗayan, yara na iya maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru ba wanda ya nuna musu.

Ma'aunin da ya fi adalci shi ne a tambayi ɗalibi dalilin kowane zaɓi. Idan zai iya bayyana abin da ya sa suka sayi tayoyi suka ƙera hannu da kansu, da abin da suka gwada ya ƙi, to ilimin ya shiga, ko da rabin na'urar daga kanti ta fito. Idan kuwa ba zai iya ba, ƙera kowane ƙarfe a makaranta bai wadatar ba.

Yadda lissafin ke sauyawa ga tawagogin Afirka

Gasar FIRST Global, wadda Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka da dama ke halarta, ta rage matsalar kuɗi ta hanyar ba kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya daga REV Robotics. Bayan Washington an yi ta a birnin Meziko a 2018, Dubai a 2019, Geneva a 2022, Singafo a 2023 da Athens a 2024. A Senegal, Dokta Sidy Ndao ya kafa gasar PARC domin ɗaliban nahiyar. A Ghana, Dokta Ashitey Trebi-Ollennu na hukumar NASA ya kafa gidauniyar koyar da wannan fanni, kuma a 2019 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe suka zo na ɗaya a rukuninsu a gasar duniya ta Robofest a Michigan.

Kaya iri ɗaya ba ya nufin yanayi iri ɗaya. Tawagar Herat ta 2017 kusan mako biyu kawai ta samu na ƙira saboda jinkirin isowar kayanta, alhali wasu sun samu watanni. Tawagar da ke Texas in giya ta karye za ta yi oda ta iso cikin kwana biyu. Wadda ke Kano ko Yamai ko Kumasi sai ta yi lissafin canjin dala, da kuɗin jirgi, da kwastan, da makonnin jira. Saboda haka zaɓin da ya dace da ita ya bambanta. Tana buƙatar tsarin da ke barin inji ɗaya ko biyu a ajiye maimakon a ɗaura duka, da amfani da noti mai girma ɗaya a ko'ina don sifana ɗaya ta wadatar, da ajiye batir da wayoyi inda hannu zai kai ba sai an kwance rabin na'ura ba, tunda tsakanin wasa da wasa wani lokaci mintuna kaɗan ake samu. Dole kuma a yi tunanin yadda na'ura za ta kwance ta shiga akwatin tafiya ta jure jifan ma'aikatan filin jirgi. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, yawan batiran da aka iya cajawa shi ke ƙayyade awannin atisaye.

Filin atisaye ma abin lura ne. Na'urar da aka gwada a kan siminti ko tayil za ta canza hali a kan kafet ko shimfiɗar soso ta gasa, domin kamun taya ya bambanta, kuma umarnin cin gashin kai da aka saita a gida zai iya kaucewa da taƙi guda ko biyu. Tawagar da ba ta da cikakken fili takan nemi ko da yanki ne na irin shimfiɗar, ta sa kafinta ya yi mata kwando ko sandar wasan da katako bisa ainihin awon da ke cikin littafin dokoki, ta kuma ware sa'o'in farko a wurin gasa domin sake saiti kafin wasanta na farko.